TAMBARIN MAI LITTAFI DA SA HANNUN MAI RUBUTU: ABIN DA GEFEN TAKARDA YAKE FAƊI



Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki littafi, abin da ke tsakiyar shafi yake nufi, domin nan ne mawallafi ya zuba maganarsa. Ni kuwa yau ina roƙon ku mu kau da ido daga tsakiya, mu dubi gefe, mu dubi takardar farko da ta ƙarshe, inda mai littafi da mai kwafe shi suke barin alamarsu. Zan fara da yadda Turawa suka mai da tara irin waɗannan alamomi abin sha'awa mai zaman kansa. Sa'an nan in komo gida in nuna cewa malamanmu na ƙasar Zazzau suna da nasu, musamman a garuruwan arewacin Zariya irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan. Daga ƙarshe zan faɗi yadda nake ganin ya kamata mu tara su, domin akwai hanyar tarawa da ke raya abu, akwai kuma wadda ke kashe shi.

Tambarin mallaka a ƙasashen Turai

Abin da zan riƙa kira tambarin mallaka wata 'yar takarda ce bugaggiya, ba ta wuce tafin hannu ba, wadda mai littafi yake liƙawa a cikin bangon littafinsa. Galibi tana ɗauke da sunansa, da wani zane da ya zaɓa, da kalmomi biyu na Latin, watau ex libris, ma'anarsu "daga cikin littattafan wane". Al'adar sa wa littafi alamar mai shi daɗaɗɗiya ce ƙwarai, gama a gidan tarihi na Biritaniya da ke Landan akwai wata 'yar alama ta tangaran mai ɗauke da sunan Fir'auna Amenhotep na III, wanda ya yi mulki a Masar a ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma tambari bugagge ya samo asali ne daga Jamus, jim kaɗan bayan ƙago injin ɗab'i. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa shi ne na wani mai suna Hildebrand Brandenburg, wanda aka liƙa a littattafan da ya ba wani gidan ibada na Kirista a Buxheim wajejen 1480. Ba a daɗe ba manyan masu zane suka shiga sana'ar, har Albrecht Dürer ya zana wa abokinsa Willibald Pirckheimer nasa a farkon ƙarni na 16.

Shekaru wajen 400 tambarin yana aikinsa na shaidar mallaka kawai. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka sami mutanen da suka fi son tambarin a kan littafin. A 1891 aka kafa ƙungiyar masu tara shi a Landan. Wani masani, Augustus Wollaston Franks, da ya rasu a 1897, ya bar wa gidan tarihin Biritaniya tambura na Ingila da Amurka fiye da 30,000. A 1966 kuwa aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu wannan sha'awa ta duniya.

To, a nan akwai abin lura. Yawancin masu tarawa na wancan zamani jiƙa bangon littafi suke yi, su ɓamɓare tambarin, su jera shi cikin kundi tare da 'yan'uwansa. Sun tsirar da zane, ba shakka, kuma sun sauƙaƙa wa mai nazarin fasahar zane aikinsa. Sai dai littafin ya rasa shaidar hannun da ya bi, tambarin kuma ya zama suna a iska, ba a san abin da mai sunan ya karanta ba. Masu kula da ɗakunan karatu na yau suna baƙin cikin wannan ɓarna, don yanzu sun gane cewa tarihin hannuwan da littafi ya ratsa wani ilmi ne da ba a samunsa a cikin matani.

Zanen gefe

Abu na biyu shi ne wanda Faransawa suke kira remarque, ni kuwa zan ce da shi zanen gefe. Don a fahimce shi sai an san yadda ake buga zane da farantin tagulla. Mai zane yakan shafe farantin da kakin da ruwan guba ba ya ci, ya ɗauki allura ya zana hotonsa a kan kakin har ta taɓa tagullar. Sa'an nan ya tsoma farantin cikin ruwan guba, ruwan ya ci duk inda allura ta bi. Idan aka wanke kakin, aka cusa tawada cikin tsagogin, aka danna takarda a kai da injin matsi, sai hoton ya fito. Da faranti guda ana iya buga kwafi masu yawa.

Kafin mai zane ya taɓa ainihin hoton, yakan gwada kaifin allurarsa da ƙarfin ruwan gubarsa a gefen farantin, ya zana ɗan tsuntsu, ko fuska, ko reshe. Idan aiki ya yi yadda yake so, sai ya kankare wannan ɗan zane kafin a shiga bugu na sosai. Ke nan duk kwafin da ya fito da zanen gefe yana cikin 'yan ƙalilan na farko, tun tagulla ba ta fara cinyewa ba. Wannan ya sa masu saye suka riƙa rububinsa. Da dillalan Faris da Landan suka ga haka a ƙarni na 19, sai suka riƙa sa masu zane su yi shi da gangan don a tsauwala kuɗi. James Whistler, wani mashahurin mai zane ɗan asalin Amurka mazaunin Landan, ya fito fili a shekarun 1880 ya soki wannan ɗabi'a. Félix Buhot na Faransa kuwa ya bi wata hanya dabam, ya mai da gefen takarda filin fasaha, yana kewaye hotonsa da ƙananan zane-zane masu ƙara masa ma'ana.

Namu na gida

Mai yiwuwa wani ya ce mene ne ruwan Bahaushe da wannan, tun da ba mu gaji liƙa tambari ba, ba mu kuma gaji bugun tagulla ba. Amsa ita ce, bukatar da ta haifi waɗannan abubuwa biyu tana nan a wurinmu tun ƙarnoni, hanyar biyanta ce ta bambanta. Malaminmu bai liƙa takarda ba, da alƙalaminsa ya rubuta.

Ikara da Maƙarfi da Kudan, da garuruwan da ke kewaye da su kamar Paki, Auchan, Gimi, Gubuci, Hunƙuyi da Likoro, suna tsakanin manyan cibiyoyin ilmi guda biyu, watau Zariya da Kano. Fatake da almajirai da gardawa sun daɗe suna ratsa wannan yanki, kuma tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911 zirga-zirgar ta daɗa ƙaruwa. An fi sanin yankin da noman rake da mazarƙwaila da tumatir, amma kusan kowane tsohon gari a cikinsa yana da gidan liman, da tsangaya, da zauren da ake karatun littattafai. Ɗalibin da ya je neman ilmi birnin Zariya, a unguwannin malamai irin su Juma da Kona, ba da karatun ka kaɗai yake komowa ba. Yakan komo da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala waɗanda ya kwafa da hannunsa, ko ya biya aka kwafa masa. A gefen irin waɗannan littattafai ne alamomin da nake magana a kansu suke, kuma ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko, rubutun kammalawa. Idan mai kwafi ya kai ƙarshe yakan rubuta kalmar tammat, watau ya cika, ya yi godiya ga Allah da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sau da yawa yakan tsuke layukan suna raguwa har su zama kamar kan mashi. A nan ne wani yake faɗin sunansa da na mahaifinsa, da sunan wanda ya sa shi aikin, ya roƙi gafara ga iyayensa da malamansa. Ba kowa ke yin haka ba, don da yawa sun ɓoye sunansu saboda tawali'u, shi ya sa wanda ya bayyana nasa ya zama abin riƙewa da hannu biyu.

Na biyu, rubutun mallaka. Wannan shi ne takwaran tambarin Turawa sak. Mai littafi yakan rubuta a takardar farko ko ta ƙarshe cewa mai wannan littafi wane ne ɗan wane. Idan littafin ya koma hannun wani ta hanyar saye, ko kyauta, ko gado, sai sabon mai shi ya sa nasa a ƙarƙashi, wani ma ya soke na farkon. Wani lokaci kuma a tarar an rubuta cewa littafin hubusi ne ga masallaci ko ga zuriyar wani malami. Wannan kalma tana da nauyi a shari'a, gama abin da aka yi hubusi da shi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba ya shiga rabon gado. Daga baya hatimi ya shigo, alƙalai da limamai da masu sayar da littattafai suka riƙa buga na roba.

Na uku, zayyana da gwajin alƙalami. Alarammomi da gwanaye masu rubuta Alƙur'ani da ka sukan ƙawata gefen shafi da da'irori masu launi don nuna izu da nusufi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada. Sukan kuma yi babbar zayyana a farkon kowane kashi cikin kashi huɗu na Littafin, watau wajen Baƙara, da A'arafi, da Maryam, da Sad. Matanin ɗaya ne ko'ina, ba wanda ya isa ya ƙara ko ya rage wasali guda. A zayyana kaɗai mai rubutu yake da sarari, don haka ta nan ake gane hannunsa, da hannun malamin da ya koya masa. Har ila yau, idan ya fiƙe sabon alƙalami, ko ya dama sabuwar tawada, yakan gwada a takardar da ke waje, ya ja layi, ya yi bisimilla, ya maimaita harafi guda sau uku ko huɗu. Wannan da zanen gefe na mai farantin tagulla asalinsu ɗaya, watau ma'aikaci yana gwada kayan aikinsa.

Na huɗu, bayanan gefe. Ɗalibi yana gaban malaminsa, malam ya fassara kalma mai wuya, shi kuwa ya rubuta ma'anar da ajami a samanta ko a gefenta. Wani kuma ya mai da takardar ƙarshe wurin ajiyar tarihin gidansa, ya rubuta ranar da aka haifa masa ɗa, ko ranar da malaminsa ya rasu, ko shekarar fari da yunwa.

Abin da ake karantawa a cikinsu

Bari in kawo misalai biyu daga wajen ƙasar Hausa don a ga irin amfanin da masana suka ci. A Tambutu an kwafi wani babban ƙamus na Larabci mai suna Muhkam, na Ibn Sida, a ƙarni na 16. Rubutun kammalawa na juzu'ansa ya ambaci wanda ya kwafa, da wanda ya sa wasula, da wanda ya sa aikin, har da ladan da aka biya da miskalin zinariya. Farfesa John Hunwick ya yi nazarin waɗannan 'yan layuka, kuma daga gare su aka fahimci cewa kwafe littafi sana'a ce mai tsari a birnin, mai rabon aiki da farashi. Misali na biyu daga Barno yake. A ƙarshen shekarun 1950 A. D. H. Bivar ya ci karo da wasu tsofaffin Alƙur'anai masu bayanan gefe, ɗaya cikinsu yana ɗauke da kwanan wata na shekarar 1669. Bayanan nan sun ƙunshi wani tsohon nau'i na harshen Kanembu, kuma yau suna cikin mafiya daɗewar shaidun rubuta wani harshen Afirka ta Yamma da haruffan Larabci. Alƙur'ani dai yana ko'ina a duniya, amma abin da ɗaliban Barno suka rubuta a gefensa ba shi da na biyu.

Sanin shekarar littafi kuma yana da hanyoyinsa. Malamanmu sukan ɓoye shekara cikin ramzi, watau kalmar da idan aka haɗa lissafin haruffanta za ta ba da shekarar Hijira. Abin kiyayewa shi ne lissafinmu na Magariba ne, ya saɓa da na Gabas. A wurinmu harafin shinun 1000 ne, alhali a Gabas 300 ne. Alal misali, a ɗauki shinun, da ra, da ya, da ha ƙarami: 1000 da 200 da 10 da 8, jimla 1218. Wannan ita ce shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, daidai da Fabrairun 1804. Wanda ya lissafa da ƙa'idar Gabas zai ɓata da ɗaruruwan shekaru. Mawaƙan ajami ma sun bi wannan hanya, sukan rufe waƙa da sunansu da ramzin shekararta.

Idan babu ramzi, takardar kanta tana magana. A ɗaga ta ga hasken rana, za a iya ganin alamar masana'anta a cikin jikinta. Wadda ta fi yawa a littattafanmu na ƙarni na 19 ita ce mai jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewa maso gabashin Italiya, musamman a masana'antun gidan Galvani na Pordenone, tana zuwa mana ta Masar da Tarabulus a bayan raƙuma. Takarda ba za ta faɗi ranar da aka yi rubutu ba, amma za ta faɗi lokacin da ba zai yiwu a ce an yi shi kafinsa ba.

Zuwan injin ɗab'i bai kashe wannan al'ada ba. Daga wajejen shekarun 1950 masu sayar da littattafai a Kano da Zariya suka riƙa sa ƙwararrun marubuta su kwafi littafi da hannu, a ɗauki hotonsa, a buga dubbai. A bangon irin waɗannan bugu akan ga sunan mai rubutun da sunan wanda ya ɗauki nauyin bugawa. Ta haka hannun Sharif Bala Gabari na Kano ya shiga gidaje da tsangayu marasa adadi. Waɗannan littattafai masu araha su ma abin tarawa ne, don su ne tarihin cinikin littafi a ƙasarmu.

Haɗarin da ke tafe

Littafinmu na gargajiya ba a ɗinke yake ba. Warwarar takardu ne, ana haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar da mai kwafi yake rubutawa a ƙasan shafi, wadda za ta buɗe shafi na gaba. Takardar farko da ta ƙarshe su ne suke shan gogayya da gumin hannu, su ne gara da ɗigar damina suke fara ci, su ne kuma suke fara salwanta. To, su ne fa masu ɗauke da sunan mai littafi da na mai rubutu. Littafi yana iya rasa takarda biyu cikin ɗari uku, karatunsa bai ragu da kome ba, amma tarihinsa duka ya tafi.

Rabon gado shi ma yana warwatsa taska. Malami ya shekara 50 yana tara littattafai, ranar da ya kwanta dama a raba su tsakanin magada yadda shari'a ta tsara, wannan ya tafi Kaduna da nasa, wancan ya tafi Legas. Ba laifin shari'a ba ne, haƙƙi ne a ba kowa rabonsa. Laifinmu ne da ba ma rubuta jerin littattafan kafin a raba. Daɗin daɗawa ga dillalan kayan tarihi, waɗanda suka gane cewa takarda guda mai zayyana tana da masu saye a ƙetare. Wanda ya zare ta daga Alƙur'anin kakansa ya maimaita kuskuren masu ɓamɓare tambari, har ya fi su, gama ya raba Littafin Allah.

Yadda ya kamata mu tara

Ba sabon aiki nake kira a fara ba. A shekarun 1960 shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi gidajen malamai yana ɗaukar hoton rubuce-rubuce. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, kuma akwai tarin littattafai a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da gidan tarihi na Jos. Sai dai hankalin magabatan nan ya fi karkata ga manyan birane da wallafe-wallafen shugabannin jihadi. Kwafin Ahalari na ɗari da ɗaya da ke wani zaure a Paki ko Hunƙuyi bai ja hankalin kowa ba, don an riga an san abin da ke cikinsa. Ni kuwa ina cewa gefensa ba a san shi ba.

Shawarata ita ce ɗalibanmu 'yan asalin waɗannan garuruwa su koma gida lokacin hutu, su nemi izinin iyayensu malamai cikin ladabi, da alwala idan Alƙur'ani za a taɓa. Kada a ɗauke littafi daga gidansa, kada a zare takarda ko guda. A ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe, da kowace zayyana, da kowane rubutun mallaka ko hatimi, da alamar cikin takarda. Wayar hannu ta isa wannan aiki. A rubuta sunan littafin, da girmansa, da yawan takardunsa, da abin da masu gidan suka sani game da yadda ya zo hannunsu. A bar wa gidan kwafin jerin, a kai ɗaya jami'a. Wannan ƙa'ida ta barin asali a wurinsa ita ce shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na ɗakin karatun Biritaniya yake bi tun kafa shi a 2004.

Idan aka tara irin wannan bayani daga gidaje 50 ko 100, za a fara ganin abin da babu littafin tarihin da ya faɗe shi: wane malami ya karantar da wane, waɗanne littattafai aka fi karantawa a ƙauye, ta Kano ilmi ya fi shigowa yankin ko ta Zariya, kuma yaya Hausar Zazzau take a bakin ɗalibai shekaru 150 da suka wuce.

Kammalawa

Jama'a, mutanen da suka rubuta sunayensu a gefen waɗannan takardu ba sarakuna ba ne, ba maroƙin da ya wasa su, ba su shiga jerin sunayen masu sarauta ba. Abin da suka nema a wurin na baya ɗan kaɗan ne, watau wanda ya karanta ya yi musu addu'a. Ba za mu iya biyan wannan bukata ba idan takardar da ke ɗauke da sunan ta ɓace. Saboda haka duk wanda ya san akwai gafaka a rataye a ɗakin kakansa, ya sauko da ita tun kafin damina mai zuwa, ya kakkaɓe ta, ya karanta sunan da ke ƙarshe. Wanda kuma ya sayi sabon littafi, ya rubuta sunansa da garinsa da shekara a cikin bangonsa, kamar yadda magabata suka yi.

Allah ya gafarta wa malamanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.